Saitin Injiniya Ya Bi Kowa

Tun da aka fara zaluntar masu ilimi a duniya, ba a taɓa yi wa wani irin zaluncin da aka yi wa Injiniya ba. Shi da kansa ya auna abin, ya ce ko wanda aka kora daga gari da tsakar rana ya fi shi gata, don shi wancan aƙalla yana shan iska a hanya. Shekara goma sha tara bawan Allah yana zaune a siton kamfanin kayan gini, ɗakin da ba taga, ba komai sai wata tsohuwar fanka da take kwashe zafi daga wannan kusurwa ta kai waccan. Yana gadin gwangwanayen fenti da kwalayen ƙusa, alhali kansa cike yake da fasahar da za ta iya juya ma'aikata guda. Ga shi kuma a ƙarshen baranda, taku goma sha biyu daga ƙofarsa, akwai ɗakin sanyi, inda babbar kwamfutar ofis take zaune ita kaɗai tana shan iska mai daɗi kamar 'yar gata. Har kujera mai juyi akwai a ciki, ba mai zama. Ƙarfe yana hutawa, ɗan Adam yana dahuwa. In wannan ba tashin duniya ba ne, to ƙanensa ne.

Sunan Injiniya kuwa ba makaranta ce ta ba shi ba. Wata rana firinta ta ƙi aiki, ya zo ya tsaya a kanta, ya daka mata tsawa, ya ɗaɗa mata tafi a gefe, sai ga ta tana tofo takarda. An ce wai a daidai lokacin wani ya mayar da wayar wuta ta baya, amma wannan zancen mahassada ne. Tun ranar ya ce a riƙa kiransa Injiniya, jama'a kuma suka amince, tun da sunan yana ba su dariya kyauta.

Mai kula da kwamfutocin da gaske ƙanwar matarsa ce, Auta, wadda take zuwa sau biyu a mako. Kwamfuta takwas ne a ofishin, duk a haɗe da babbar da ke ɗakin sanyi. In ban da ta Manaja da ta sito, sauran ba su da mai su. Wanda ya yi sammako ya kama ta kusa da taga, wanda ya makara ya faɗa wa ta bakin ƙofa mai tafiyar hawainiya. Matsalar ita ce duk abin da mutum ya saita jiya, girman rubutunsa, sa hannun wasiƙunsa, takardun da ya ajiye a fuskar allo, yana can a kwamfutar da ya bari. Kullum safiya sai an yi kamar rabon gado.

Ranar Juma'a Injiniya ya zo wucewa ta ƙofar Manaja da kwalin takarda a kafaɗa, ya ji Auta tana bayani, sai ya ga ashe igiyar takalminsa tana bukatar ɗauri.

"Yallaɓai, na riga na buɗe wa kowa akwatinsa a cikin babbar kwamfuta," in ji Auta. "Saura kunnawa, in na dawo daga kwas mako mai zuwa. Daga nan duk inda mutum ya zauna ya sa sunansa da kalmar sirrinsa, kayansa za su biyo shi. Kowa saitinsa ya zama ɗaya a ko'ina."

Manaja ya gyaɗa kai irin na wanda bai gane ba kuma ba ya so a maimaita. Ya ce, "Madalla. Dama Shugabar kamfani za ta zo ranar Alhamis. Ta ce a zaɓi mutum ɗaya cikin ma'aikata ya koma ɗakin sanyi da zama, ya riƙa lura da na'urorin ranakun da ba kya nan."

Saura kaɗan kwalin ya faɗo. Ɗakin sanyi! Kujera mai juyi! Abin nema ya samu.

Kafin ta tafi, Auta ta leƙa sito da wata ambulan a hannu, tun da shi ne mai riƙe makullan ofis duka.

"Yaya, ka ga wannan? Kalmar sirrin babbar kwamfuta ce. Ka kulle ta a kabad. Ba a buɗewa sai in gobara ta tashi."

"In gobara ta tashi me zan yi da kalmar sirri?"

"Ba komai. Shi ya sa na ce sai lokacin."

"Ke Auta, ni kike yi wa gargaɗi? Lokacin da na fara taɓa kwamfuta, ke kina cin ƙasa."

"Shi ya sa har yau waccan kwamfutar ba ta warke ba, Yaya."

Ya ƙyale ta. Babba juji ne.

Ranar Litinin, da jama'a suka fita cin abincin rana, Injiniya ya duba baranda hagu da dama, ya ga ba gobara, amma ya yanke hukuncin cewa zafin sito ɗan'uwanta ne. Ya farke ambulan, ya shige ɗakin sanyi, ya turo ƙofa. Sai da ya juya a kujerar nan sau uku kafin ya zaro tabaraunsa daga aljihun ciki. Ba wanda ya san yana da tabarau. A ganinsa tabarau na tsofaffi ne, shi kuwa furfurar da ke gemunsa ta gado ce.

Ya sa kalmar sirri, ya yi ta bankaɗe-bankaɗe har ya faɗa kan jerin da Auta ta shirya. Suna takwas, gaban kowane suna an rubuta inda akwatin mai shi yake. Akwati takwas, kowanne daban.

Ya girgiza kai cikin tausayi. "Yarinya dai yarinya ce. Da bakinta ta ce saitin kowa ya zama ɗaya, sai ta zo ta rubuta takwas. Wannan ai raba kan jama'a ne."

Wane saiti ne kuwa ya cancanci zama na kowa? Tambayar ma ba ta taso ba. Ya kwafi adireshin akwatinsa, ya liƙa a gaban sunan Manaja, ya liƙa a na Sakatariya, ya bi su ɗaya bayan ɗaya har na ƙarshe. Ya kwashe duk abin da ke kwamfutarsa ta sito ya zuba a akwatin, ya danna kunnawa. Kwamfuta ta fito da tambaya, wai ko ya tabbata.

"Ni kike tambaya ko na tabbata?" Ya danna e da ƙarfi, don ta san da wa take magana.

Talata da safe ya zo da rigarsa mai guga uku, ya tsaya a tsakiyar babban ofis, ya tafa hannu.

"Jama'a, daga yau an daina rabon gado. Kowa ya zauna inda ya ga dama. Aikin da aka ce sai mako mai zuwa, wani ya gama shi jiya kafin shayinsa ya huce. Ba na son godiya."

Kowa ya sa sunansa ya shiga. Sai allo takwas suka haska a tare, a kan kowanne ga Injiniya ya jingina da motar Shugaba, hannu ɗaya a kan gilashi, ɗaya a ƙugu, yana kallon nesa kamar mai tunanin sayen wata.

Sakatariya ce ta fara magana. Ita ce ake kira Yatsu Goma saboda saurin bugunta, kuma bakinta bai bar yatsun sun yi masa nisa ba.

"Innalillahi! Mai Sito, me na yi maka da zan karya kumallo da fuskarka?"

"Injiniya ake cewa."

"Motar wa ka jingina da ita?"

"Mota ai ta mai jingina ce har ya tashi. Ki yi aikinki."

Ta kama linzamin kwamfuta ta danna, maimakon takarda ta buɗe sai wani jeri ya faɗo. Ta sake dannawa, ya sake faɗowa. Ta ko'ina a ofishin sai ƙas-ƙas kake ji da tsaki. Injiniya bahago ne, ya daɗe da juya maɓallan linzaminsa, dama ta koma hagu, hagu ta koma dama. Yanzu ofis gaba ɗaya ya zama na bahagwai.

Da ƙyar Sakatariya ta buɗe wasiƙa, sai ta ja da baya. Kowane harafi ya kai girman ƙwan kaza, kalma huɗu sun cika allo.

Daga can kusurwa Baba Rajista, dattijon da ke kula da fayiloli tun kafin a kawo kwamfuta, ya ɗaga hannu sama. "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan! Shekara shida rabona da ganin wasali, yau ga shi har da ɗigon da ke kansa." Ya leƙo ta saman tabarau. "Af, to tsaya. In wannan saitinka ne, ashe kai ma idon ya tafi?"

"Ba don ido ba ne, Baba. Girmama rubutu ne."

"To ni ma girmamawar ce ta kama ni tun ina da shekara hamsin."

Manaja ya fito daga ofishinsa riƙe da linzami, wayar tana jan ƙasa. "Wa ya sa wa abin nan hannu? Kuma me ya sa kake kallona daga cikin kwamfutata?"

"Yallaɓai, sabon tsari ne, sai ya ɗan zauna. Kowa ya gyara abinsa yadda yake so, ya fita, ya sake shiga. Shi ke nan."

Wannan shi ne maganin Injiniya na kowace cuta: a fita, a sake shiga. Abin da bai sani ba, duk wanda ya fita, kwamfuta tana kwashe saitinsa ta kai akwati, duk wanda ya shiga kuma ta ɗebo masa abin da ta tarar. Akwatin kuwa ɗaya ne. Wato ya tara mutum takwas a kan ƙwarya guda, ya ce kowa ya sa gishiri daidai bakinsa.

Sakatariya ta mayar da rubutu ƙanana, ta goge hoton, ta fita, ta shiga. Baba Rajista ya je ya dawo, ya shiga, ya tarar da wasalinsa sun gudu.

"Wa ya sace mini haruffa?"

Ya kira Injiniya ya ƙara musu girma, ya fita don abin ya zauna. Sakatariya ta dawo daga kai takarda, ta shiga, ƙwan kaza ya dawo.

"Baba, don Allah ka bar mini allo!"

"'Yar nan, ni daga nan ko tashi ban yi ba. Hannuna ya kai can ne?"

Kafin azahar linzami ya sauya hannu sau biyar. Mai karɓar baƙi ta sa hoton kyanwarta don ta huta da ganin Injiniya, nan da nan kyanwa ta bayyana a ofishin Manaja tana lasar ƙafa a gaban wani babban ɗan kwangila. Wani ya cire kyanwa ya mayar da Injiniya, amma ya zana masa tabarau. Duk takardar da mutum ya ajiye a fuskar allonsa sai ta fito a na kowa, har allon ya cika kamar kasuwa ranar ci.

Injiniya yana ta zagaye, hannu a baya, yana cewa, "Ku fita ku shiga. Ku fita ku shiga."

"Mun fita mun shiga har mun fi ƙofa gajiya," in ji Sakatariya. "Ni Auta zan kira."

"Tana ɗakin jarrabawa. Kina so ki kayar da yarinya?"

"To kai wa zai kayar da kai mu huta? Ka ce saiti, saiti. Mai gyaran saitin ne ba saiti."

Ya yi kamar bai ji ba. Ba a taɓa kawo sabon abu duniya mutane suka karɓa da hannu biyu ba.

Laraba abin ya fita waje. Shekara biyu da suka wuce Injiniya ya koya wa kwamfutarsa wata dabara: duk inda aka buga kalmar sito, ta goge da kanta ta rubuta Ofishin Babban Injiniya. Kalmar sito tana yi masa nauyi a ido. Dabarar nan ita ma ta bi akwati ta shiga ko'ina. Sakatariya kuwa ba ta duban allo in tana bugu, takardar gabanta take kallo. Ta buga wa masu kawo kaya cewa su sauke siminti buhu ɗari da ashirin a sito, Manaja ya sa hannu bai karanta ba, kamar yadda ya saba.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya wata babbar mota ta tsaya a bakin ƙofa. Direban ya shigo da takarda.

"Baiwar Allah, ina ne Ofishin Babban Injiniya?"

Mai karɓar baƙi ta san Injiniya ɗaya ne a ginin, kuma tun safe ta ga ya shige ɗakin sanyi wai yana binciken matsala. Ta nuna ƙarshen baranda.

Direba ya dubi barandar, ya dubi takarda. "Nan? Siminti?"

"Me takardar ta ce?"

"Ta ce nan."

"To ni wace ce?"

Masu dako suka fara jerawa daga jikin ƙofar ɗakin sanyi, buhu kan buhu har kusa da rufi, suka biyo baranda da shi. Injiniya yana ciki, na'urar sanyi tana gurnani, ya miƙe ƙafa a kan kwali yana juyi a kujera, yana shirya jawabin da zai yi wa Shugaba gobe. Sai da sanyi ya fara shigar masa ƙashi ya tashi zai fita. Ƙofar waje take buɗewa. Ya tura, ko motsi. Ya sa kafaɗa, kamar ya tura dutse.

"Jama'a! Wa ya kulle ni?"

Muryar Sakatariya ta zo daga nesa, ta bayan buhuna. "Babban Injiniya, kayanka ne suka iso!"

"Wane kaya? Ku buɗe mini!"

"Ka fita ka sake shiga mana!"

Motar ta riga ta tafi da masu dakonta. Sai da aka nemo wasu, aka yi ciniki, aka fara kwashewa daga bakin baranda. Awa uku cur. Na'urar sanyin kuwa Auta ta kulle ta a kan lamba ɗaya, ba ta raguwa. Da aka janye buhu na ƙarshe, sai ga Injiniya a tsugune bayan kujera, ya lulluɓa da labulen da ya ciro, haƙora suna kaɗawa.

Baba Rajista ya ce, "Sannu. Shekara nawa kana roƙon sanyi, ga shi an biya ka har da na baya."

"Gwa-gwaji nake yi," in ji Injiniya. "Dole a san iyakar na'ura." Ya saki atishawa da ta tayar da ƙurar siminti.

Duk da haka bai karaya ba. Shugaba ba ta ga kyanwa ba, ba ta ga siminti ba, jawabi za ta ji. Alhamis da sassafe ya zauna a sito da mura da hankici, ya ƙarasa jawabinsa, har da 'yan tunatarwa da ya rubuta wa kansa a tsakani don kada ya manta inda zai yi murmushi. Ya sa masa suna Jawabi, ya ajiye a fuskar allo. Kwamfuta ta ce akwai wata takarda mai wannan suna, ko a maye gurbinta? Tabarau yana aljihu, ƙofa kuma a buɗe, mutane suna wucewa. Irin wannan tambayar da ƙananan haruffa take fitowa, bai ga abin da aka rubuta ba, ya dai ga kwamfuta ta sake yi masa tambaya.

"Ke dai ba kya gajiya da rashin kunya." Ya danna e.

Takardar da ya danne kuwa jawabin Manaja ce, wadda Sakatariya ta buga jiya ta sa mata suna Jawabi.

Ƙarfe goma Shugaba ta iso, mace mai ƙaramin jiki da ba ta ɗaga murya, don ba ta taɓa bukata ba. Aka taru a ɗakin taro, aka haska kwamfuta a jikin bango. Manaja ya miƙe, ya gyara wuyan riga, ya buɗe Jawabi. Baba Rajista ne ya fita ƙarshe jiya, saboda haka haruffan sun fito manya-manya, ko daga titi za a iya karantawa. Manaja ya fara, yadda ya saba, ido a bango, hankali a wani wuri.

"Ranki ya daɗe, shekara goma sha tara ke nan ina ɗauke da kamfanin nan a kaina ba gammo."

Shekarar Manaja shida a kamfanin, amma maganar ta yi masa daɗi, ya dubi Sakatariya ya gyaɗa mata kai. Sakatariya ta buɗe baki ta kasa rufewa. A kujerar baya, atishawar da ta taso wa Injiniya ta koma da kanta.

"Ban taɓa neman yabo ba, ko da yake na cancanta. Ina aiki a ɗakin da ko kaza aka saka sai ta dahu."

Shugaba ta ɗaga gira. Na'urar sanyi biyu ce a ofishin Manaja, ita ta saya.

"Manajanmu mutumin kirki ne," Manaja ya rage sauri, "sai dai in ka miƙa masa linzamin kwamfuta, sai ya fara... neman... doki."

Ya tsaya. Ya yi ƙoƙarin rufe takardar, amma linzamin yau na bahagwai ne, sai jeri yake faɗowa.

"A'a, kada a tsaya," in ji Baba Rajista. "Ni ina gani sarai, bari in taimaka." Ya gyara zama ya ɗora da murya mai daɗi. "Baba Rajista kuwa ya kamata a ɗaure shi da zare a ajiye tare da fayilolinsa. To, na gode. Sakatariya yatsunta goma, harshenta goma sha ɗaya."

"Sha biyu," in ji Sakatariya. "Zai ji na ƙarshen yau."

Baba ya ci gaba, "Sai kuma aka rubuta: a nan zan yi murmushi in yabi motarta, tana son haka. In ta yi dariya in nemi ɗakin sanyi, in ba ta yi ba in yi tari in sake yabon motar."

Mutane suka danne dariya da ciki. Shugaba ta juya a hankali.

"Ban yi dariya ba. Ina jiran tarin."

Atishawar da ta koma ɗazu ta dawo da ƙawayenta uku.

"Ranki ya daɗe," in ji Injiniya yana miƙewa, "wannan aikin maƙiya ne. An shiga kwamfutata."

"Kai ka shiga tamu," in ji Manaja. "Kwana uku ina buɗe ido da kai!"

Ana cikin haka aka turo ƙofa, sai ga Auta da jakarta a kafaɗa, takalmanta fari fat da ƙurar baranda. Ta gaida Shugaba, ta dubi bango, ta dubi mijin yayarta.

"Ke ba kina kwas ba?" in ji shi.

"Yayata ce ta kira ni, ta ce ka koma gida da mura a wannan zafin. Ɗaki ɗaya ne yake ba da mura a ginin nan."

Ta zauna gaban kwamfutar, ta buɗe jerin sunaye a kan bango kowa yana gani. Suna takwas, akwati ɗaya, kuma sunan mai akwatin ya fito sau takwas da haruffa masu girman ƙwan kaza.

"Ranki ya daɗe, umarninta na bi!" in ji Injiniya. "Da kunnena na ji ta ce saitin kowa ya zama ɗaya."

"Na ce kowa saitinsa ya zama ɗaya a ko'ina."

"To mene ne bambancin? Kalmomin nan ne dai, kin sauya musu wurin zama."

"Yaya, in na ce kowa ya sa takalminsa duk inda za shi, cewa na yi mu takwas mu shiga naka?"

"Da kin ce takalmi ai da na gane. Ke kika kawo saiti."

"Kuma a ina ka ji? Da Manaja nake magana."

"Igiyar takalmina ce ta kwance."

Baba Rajista ya leƙa ƙarƙashin tebur. "Silifa gare ka, ɗan nan. Kullum."

A nan Shugaba ta yi dariyar da aka jira, amma lokacin neman ɗaki ya wuce. Auta ta mayar wa kowa akwatinsa cikin minti huɗu. Aka fita aka shiga sau ɗaya tak, Sakatariya ta samu ƙananan haruffanta, Baba ya samu manyansa, linzamin Manaja ya dawo hannun dama.

Shugaba ta ce, "Saura maganar ɗakin sanyi. Baba, kai me ka sani game da babbar kwamfuta?"

"Ko inda ake kunna ta ban sani ba, ranki ya daɗe. Kuma wallahi ba na son in sani."

"Kai nake nema. Ka zauna, in ta yi ƙara ka kira Auta. Injiniya, ba shi makulli."

Ya daɗe yana murɗa makullin kafin ya fita daga zobe. Yatsu ne suka yi sanyi, ba wani abu ba.

Bayan an watse Auta ta same shi a sito, ya zauna a kan kwalin ƙusa, gumi da mura suna rige-rigen sauka. Daga ƙarshen baranda ana jin ƙarar kujera mai juyi, Baba Rajista yana koyon tuƙi.

"Sannu, Yaya. In na je gida me zan ce wa yayata? Maƙiya ne, ko ni ce ban iya magana ba?"

Injiniya ya fyace hanci, ya ninke hankici, ya ɗaga kai irin na mutumin da za a ɗauka hoto.

"Ki ce mata ni ne. Ni na farke ambulan, ni na liƙa akwatin, ni na kira siminti a kaina, ni na danne jawabin mutum. Ba maƙiyi, ba mahassadi, ni kaɗai, ba mataimaki. Amma ki haɗa mata da gaskiya: shekara nawa mutanen nan suna faɗa a kan kujera, ba wanda ya iya haɗa kansu? Ni cikin kwana uku na mayar da su tsintsiya ɗaya."

"A kanka suka haɗu, Yaya."

"To, ai haɗuwa ce."